Gashin hannu don ciwon ƙugu a Gusau: aikin hannun ya biya, na'urorin ba su biya ba

Wurin ƙaramin asibitin gashin ƙashi (physiotherapy) ne mai zaman kansa a cikin Gusau. Ciwon da na kai irin na masu dogon zama ne: ƙugu ya riƙe, ruku'u ya yi wuya, zafin yana sauka zuwa ɗuwawun dama amma bai kai gwiwa ba.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne likitar ba ta yi gaggawar taɓa bayan ba. Sai da ta tambayi ko fitsari ko bayan gida na kuɓucewa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko akwai zazzaɓi, rama, ko ciwon da ke tada mutum cikin dare. Biyun farko alamar matsewar jijiyoyin ƙasan laka ce, aikin gaggawa ne na babban asibiti. Rama da zazzaɓi kuwa suna iya nuna tarin fuka ya shiga ƙashin baya, kuma danna irin wannan ƙashi ɓarna ce. Daga nan ta kwantar da ni rigingine ta ɗaga ƙafa a miƙe. Idan zafi ya harba ƙasan gwiwa tsakanin digiri 30 zuwa 70, ana zargin faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya danne jijiya, galibi tsakanin ƙasusuwan can ƙasan baya da ake kira L4 da L5 ko L5 da S1. Nawa bai harba ba.

Aikin kansa salon Maitland ne, wani likitan gashi ɗan Ostareliya. Za ka kwanta rub da ciki, a sa matashi ƙarƙashin mara. Tana ɗora gefen tafin hannu, wajen tushen ƙaramin yatsa, a kan tsinin ƙashi ɗaya, ta tallafa da ɗaya hannun, gwiwar hannu a miƙe, nauyin yana fitowa daga kafaɗa. Sai ta riƙa dannawa tana sassautawa kamar mai lilo da jariri, daƙiƙa 30 zuwa 60, ta huta, ta maimaita sau biyu ko uku. Mataki huɗu ne. Na ɗaya da na biyu masu sauƙi ne, don kwantar da zafi. Na uku da na huɗu suna shiga har inda gaɓar ta tsaya, don sakin riƙewa. Inda marasa gwaninta ke ɓata aiki shi ne su fara da na huɗu a bayan da ke kan zafi: tsoka ta ɗaure don kare kanta, mutum ya tashi ya fi yadda ya kwanta. Ita tana sa ka tashi ka sunkuya bayan kowane zagaye, ta ga ko an samu ƙari. Wannan ne bambancinta da tausar gida, inda ake hawa baya da ƙafa har sai ya yi ƙara. Ƙarar ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa.

Tausar tsokar gefen ƙugu da ta ɗuwawu ta biyo baya, da ɗan mai, a hankali. Jiki ya yi tsami na kwana ɗaya zuwa biyu, kuma an gaya mini tun farko.

Sauƙin da hannu ke kawowa ba ya daɗewa shi kaɗai. Abin da ya riƙe shi motsa jikin da ta koyar ne, na tsarin McKenzie, wani likitan gashi ɗan New Zealand: rub da ciki, ka tura ƙirji sama da hannuwa, ƙugu na manne da tabarma, sau 10, a maimaita cikin yini. Idan zafin yana janyewa daga ɗuwawu zuwa tsakiyar baya, ana kan hanya. Idan yana gangarawa ƙafa, a tsaya a koma wurinta. Ɗan kabu-kabu ko manomin da ke yini duƙe da hauya zai iya yin sa a tsaye, hannu a ƙugu, ya lanƙwasa baya.

Ƙorafina a kan kuɗi ne. Ana cusa na'urar jan wuta a fata da ta jan ƙashin baya cikin lissafi, ana kuma tallar bel ɗin ƙugu a bakin ƙofa. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce kada a riƙa amfani da su, ta kuma amince da tausa, aikin hannu a kan ƙashin baya da motsa jiki. Lokacin da na'ura ke ci daga na hannu ake yanke shi. Ka ce a cire su, za a cire.

Tsofaffi masu raunin ƙashi, masu juna biyu da masu shan maganin tsinka jini su faɗa kafin su hau gado. A kuma nemi ganin lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin gashi rajista a Najeriya, domin ba duk mai kiran kansa likitan gashi ke da takarda ba.