Sef ɗin yana da ƙarfi, amma ashe ba ni kaɗai ke da lambarsa ba

Ta fuskar ƙira ba ni da ƙorafi. Sef ne, wato akwatin ƙarfe na ajiyar kaya masu daraja, mai nauyi, ƙofarsa da kauri, sakatunsa na shiga daram, kuma an bar masa ramukan da za a ɗaure shi da ƙasa. Makullinsa na lamba ne mai aiki da batir, yana ƙara idan batirin ya yi sanyi. Takardun gida da fasfo sun samu wurin zama.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da makullin ya ƙi karɓar lambata bayan an sauya batir. Na kira kamfanin. Suka nemi lambar da ke jikin sef ɗin da rasit da katin shaida, sannan suka turo mini wata lamba da ban taɓa gani ba. Ina dannawa ya buɗe. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, ma'aikaciyar ma ta yi haƙuri da ni. To amma wannan lambar, tun yaushe take wurinsu? Tun daga masana'anta. Na koma littafin bayani shafi-shafi, babu inda aka ambace ta, mai sayarwa kuma bai ce uffan ba.

Abin ba a kan kamfani ɗaya ya tsaya ba. A 2023 kamfanin Liberty Safe na Amurka ya amsa cewa ya bai wa hukumar FBI lambar buɗe sef ɗin wani da ake zargi da hannu a harin majalisar dokoki na 6 ga Janairun 2021, bayan an nuna masa izinin bincike daga kotu. Sai da masu saye suka yi ca a kansa kafin ya ba su damar neman a goge lambobinsu. A 2024 kuma Sanata Ron Wyden ya yi gargaɗi kan irin waɗannan lambobi a makullan kamfanonin SecuRam da Sargent and Greenleaf, ya ce gwamnatin Amurka ba ta yarda da irin makullan wajen adana sirrinta, amma an bar jama'a cikin duhu.

Ni ba hukuma ce ta fi damuna ba. Duk lambar da ke cikin kwamfutar kamfani, ma'aikaci marar amana zai iya kwafe ta, masu kutse ma haka. Ga wanda ke yawan mantuwa, ko magadan da aka rasu aka bar musu sef a kulle, wannan ɓarauniyar hanya rahama ce. Shi ya sa ban ce a toshe ta ga kowa ba. A faɗa wa mutum ranar saye, ya zaɓa da kansa.

Tauraro uku cikin biyar. Na rubuta wa kamfanin sef ɗina in ji ko za su goge lambar tawa, sun ce sai na sa hannu cewa idan makullin ya sake maƙalewa, huda ƙofar za a yi, kuma da kuɗina. Na sa.