Famfon gazuwal ɗina ya daina yoyo: abin da na gani a hannun mai gyara

Wari ne ya fara tona asirin. Duk safiya in na tada motar a ƙofar gida, sai warin gazuwal ya cika ciki, har yara na toshe hanci a hanyar makaranta. Peugeot 406 HDi ce, tsohuwa amma mai amana, da ita nake zuwa Tasawa da Gidan Rumji kan harkokina. Ranar da na ja ta baya na ga ƙasa ta yi baƙin tabo daidai ƙarƙashin inji, na buɗe kapo, na tarar famfon nan mai tura gazuwal zuwa anjekta, masu fesa shi cikin inji, ya jiƙe sharkaf, ƙurar hunturu ta manne masa kamar an shafa laka.

Makanikin da na fara zuwa wajensa bai ma sunkuya da kyau ba. Ya leƙa, ya ce famfo ya mutu, a nemo ɗan Kwatano. Kuɗin da ya faɗa ya kai jikka ɗari da wani abu, kuma babu wanda zai ce mani ga tarihin famfon da za a kawo. Raina bai kwanta ba, domin motar tana tashi bugu ɗaya, tana ja da ƙarfinta, ba hayaƙi. Abin da ya mutu ba ya haka.

Wani direban da muke salla tare ne ya kai ni wajen wani dattijo da aikinsa ke nan, famfo da anjekta kawai. Rumfa ce ƙarama, amma abin da ya fara burge ni shi ne yana da ɗaki mai ƙofa inda yake kwance famfo, ba a fili ba. Ya sa yaronsa ya wanke jikin famfon tas, ya busar, sannan aka tada inji muka tsaya muna kallo. Na miƙa hannu zan nuna masa inda nake zato, sai ya riƙe mani wuyan hannu.

"Alhaji, kar ka kai yatsa nan inji na aiki. In bututu ne ya tsage, gazuwal ɗin zai huda fata ya shiga nama."

Ya yi gaskiya. Famfon Bosch ne, samfurin CP1, kuma matsin da yake kaiwa ya kai bar 1,350. Tayar mota bar 2 da ɗan wani abu ake hura mata, sai mutum ya kwatanta. Ba a yi minti biyu ba muka ga danshi na tsattsafowa daga ƙarƙashin ɗaya daga cikin kawunan famfon. Kawuna uku gare shi, kowane da fistan ɗinsa, kuma ƙarƙashin kowane akwai ƴan robobi, waɗanda makanikai ke ce ma juwan. Shekaru da zafin inji suna busar da su. Shi ya sa yoyon ya fi yawa da sanyin asuba, lokacin da robar ta ƙanƙance, in inji ya ɗauki zafi sai ya ɗan lafa.

Bai ce mani komi lafiya ba tun kafin ya buɗe, kuma wannan na yaba. Ya ce sai ya duba filta tukuna. In ya ga garin ƙarfe mai ƙyalli a ciki, to famfon ya fara cin kansa, canza roba ɓarnar kuɗi ce, har anjekta da tanki sai an bi. Ya zuba gazuwal ɗin filtar a farin kwano, ya kai rana, ya karkata shi. Akwai ɗan ruwa a ƙasa da datti, amma babu ƙyalli. Sai a lokacin ya faɗi kuɗin aiki.

Na zauna na ga kwancewar da idona. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera kayan kowane kai daban, ba ya haɗa na wannan da na wancan. Duk bakin bututun da ya buɗe sai ya toshe shi nan take. Tsohuwar robar da ya ciro ya ba ni a tafin hannu: ta baje, ta yi tauri, ina lanƙwasa ta ta karye kamar busasshiyar taliya. Ya canza na kawunan uku duka, har da robar gindin sandar da bel ke juyawa, ko da yake kai ɗaya ne ke yoyo. Ya ce sa'o'in juna ne, in ɗaya ta gaji sauran na hanya. Notocin ma ba da ƙarfin damtse ya ɗaure su ba, da sifana mai awo ya bi su bi da bi.

Bel ɗin inji, wanda shi ne ke juya famfon a wannan motar, ya ce a canza tunda an riga an sauke shi kuma gazuwal ya taɓa shi. Na yarda, don in ya tsinke a kan hanya asarar ta wuce ta famfo nesa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci. An ce mani kwana ɗaya, motar ta yi huɗu, saboda robobin kirki babu su a hannu, sai da aka aiko daga Kano. Da an faɗa mani tun farko da na shirya tafiyata ta kasuwar Juma'a. Sannan ba shi da injin gwajin famfo, a jikin mota ya gwada, ya kuma maida tsohon bututun ƙarfe alhali an fi so a sa sabo. Ya faɗa mani hakan da bakinsa, ya ce in riƙa duba bututun. Duka da bel da filta da aikin hannu, abin da na kashe bai kai rabin kuɗin ɗan Kwatanon ba.

Da zan tafi ya tambaye ni inda nake shan mai. Na ce wani lokaci na jarka a bakin hanya, in tafiya ta kama. Ya girgiza kai.

"Alhaji, famfon nan ba shi da wani man shafawa sai gazuwal ɗin da ke ratsa shi. In da ruwa ko yashi a ciki, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe."

Tun ranar a gidan mai nake sha, kuma filta ba na jira sai ta toshe. Yau wata uku ke nan, na je Dakoro na dawo, na je Madarunfa sau biyu. Kowace safiya kafin in tada inji nakan goga farin tsumma a ƙarƙashin kawunan nan uku, yana fitowa da ƙura kawai.