Vaseegara ko Zara Zara: wacce za ka saurara?

Kiɗa ɗaya ne, murya ma ɗaya ce, amma waƙoƙin biyu ne. A 2001 fim ɗin Minnale, wanda aka yi da harshen Tamil na kudancin Indiya, ya fito da waƙar Vaseegara. Harris Jayaraj ya tsara kiɗan, Bombay Jayashri ta rera. A shekarar aka sake yin fim ɗin da Hindi, sai waƙar ta koma Zara Zara, Jayashri ɗin ce dai ta sake rerawa. Jarumin ma bai canza ba, Madhavan ne a duka biyun.

Mai kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa Zara Zara zai fi saurin kamawa, don kunnenmu ya saba da Hindi tun zamanin sinimomin Kano. Sameer ya rubuta baitocinta, kalmomi ne masu sauƙin haddacewa, an fi karkata ga zumuɗi da ɗokin haɗuwa.

Ni kam ta Tamil ta fi kwanta mini. Mace ce ta rubuta ta, Thamarai, kuma ana jin hakan. Budurwar tana lissafa ƙananan abubuwan da take so daga masoyinta ne, irin kulawar zaman gida da ba kowane marubuci namiji zai tuna ba. Sunan waƙar kansa kira ne, kamar a ce "ya mai sace zuciya". Sautin Tamil kuma ya zauna daram a kan kiɗan, tunda dominsa aka tsara shi tun farko. Sai dai wanda bai ji harshen ba, dole ya nemi fassara tukuna.