Shagon tura fim na bayan tasha, da "Stree 3" ɗin da anka saida mini tun ba a yi shi ba

Akwai wani ɗan shago nan Tawa, in ka bar tasha ka nufo kasuwa yana hannunka na dama, babu ko allo a ƙofa, sai dai ka ji sautin waƙar Indiya yana tashi ka ga babura sun yi layi. Nan nike kai kart memuwar ɗina ana zuba mini fim yau wajen shekara ukku ke nan, kuma mutane da yawa a fadarmu sun sha tambayata ina nike samo finafinan da nike kunnawa a shagon ɗinki, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda wurin yake, mai kyau da marar kyau, tunda satin da ya wuce an yi mini wani abu da har yanzu in na tuna sai in yi dariya.

Yaron da ke riƙe da shagon bai wuce shekara ashirin da biyar ba, kwamfuta biyu gare shi da manyan diski guda huɗu ɗaure da roba, da wata fanka da ta fi yin ƙara bisa iska. Dala ashirin fim guda, in ka ɗauki biyar ya ƙara maka ɗaya kyauta, in kuma kile ka kawo babba kana son a cika, jika guda ku daidaita. Abin da ya sa ban canza shi ba shi ne yaron ya san kayanshi. Ba irin masu zuba maka duk abin da sunka ga dama ba ne, kana ce mishi wanga fim da jarumin ke rikiɗa ya zama dabba cikin daji zai ce Bhediya kake nufi yaya, mai fassara kake so ko na asali. Kuma yana duba hoton kamin ya ba ka, in na kyamara ne wanda anka ɗauko cikin silima kawuna na giftawa zai faɗa maka gaskiya ya ce ka jira sati biyu mai tsabta na zuwa. Yana da batir da fano a saman rufi, saboda haka ko an ɗauke wuta aikin bai tsayawa, sai dai fankar ce ke mutuwa ku jiƙe da zufa. Inda yake da rauni: wurin zama benci guda ne, ranar Lahadi ta kasuwa kana iya yin awa kana jira, kuma sau biyu kart ɗina ya dawo da birus, duk hotunan samfurin ɗinki da na tara sunka ɓace. Tun daga nan na ware kart guda na fim kaɗai.

To ranar Alhamis na shiga, ƙanenshi ne bisa kujera shi ya tafi salla, yaron na ganina ya ce yaya albishirinka, Stree 3 ya sauka. Na ce kai ƙanena ka tabbata? Ya ce wallahi ga shi nan har an rubuta. Na biya na tafi gida ina sauri, na ce ma uwargida a kwantar da yara da wuri. Muna kunnawa sai ga minti uku na wasu hotuna da anka harhaɗa da kwamfuta, fuskar Shraddha Kapoor kamar an shafa mata man shanu, hannunta guda yatsa shida, bayan nan kuma sai Stree 2 ya faro daga farko tas. Uwargida ta dube ni ta ce to malam, wanga ai mun gan shi har sau huɗu. Washegari da na koma mai shagon ya yi ta ban haƙuri, ya maida mini dala ashirin ɗina ya ƙara mini fim biyu, ya goge abin daga diskin a gabana. Nan na ƙara yarda da shi, don wani cewa zai yi kai ne ba ka iya kallo ba.

Ga wanda bai sani ba, Stree fim ɗin Indiya ne na tsoro da ban dariya kan wata aljana mai wanga suna, kuma kamfanin da ke yin shi, Maddock Films na Dinesh Vijan, tun farkon 2025 ya fidda jerin ranakun fitowar finafinanshi na dodanni masu labari haɗe, kuma Stree 3 an sa shi 13 ga Agusta 2027. Kamin shi akwai Shakti Shalini da Bhediya 2 da Chamunda, bayanshi Maha Munjya, sannan a rufe da yaƙi biyu a 2028, Pehla Mahayudh da Doosra Mahayudh, wato babban yaƙi na ɗaya da na biyu. Ranakun ma motsawa suke, Shakti Shalini da anka ce ƙarshen 2025 an ɗaga shi zuwa Disamban 2026. Duk wanda ya ce maka yana da na ukkun a waya yanzu, kuɗinka yake so.

Amma kuskuren ya yi amfani guda, don ya tada gardama a bencin shagon wadda munka yi har anka kira magariba, kowa na faɗin yadda yake ganin labarin zai tafi. Kuma a nan ne nike son in tsaya, don ni ban yarda da abin da mafi yawansu ke cewa ba.

Su duk hankalinsu na kan Akshay Kumar. Gaskiya ne a Stree 2 an nuna shi a gidan masu taɓin hankali yana mulki kamar sarki, kuma jinin Sarkata ne, wancan dodon mai yankakken kai da ke ɗauke matan da sunka waye a garin Chanderi, a ƙarshe kuma ragowar Sarkata ta kai hannunshi ƙarfin ya shige shi. Saboda haka wai shi ne mugun na ukku. Ni ina ganin ba za su ɓarnatar da shi da wuri haka ba. Ku duba kokowar gargajiya, ba a haɗa manyan 'yan kokowa biyu ranar buɗe fili, sai an yi ta tankaɗe da rairaya har ranar takobi. Mutumen da kake da yaƙi biyu a 2028 kana buƙatar wanda zai riƙe su, in ka kashe shi a 2027 mi za ka saida? Ina zaton a Stree 3 zai leƙo ne kawai, ya turo wani, ya ci nasara rabi, a tashi fim mutane na cizon yatsa.

Abin da ni ke damuna yarinyar ce, wadda Shraddha Kapoor ke fitowa a matsayinta. Fim biyu, tun 2018, ba a faɗa muna sunanta ba. A na farko ta ɗauki kitson Stree da anka yanke ta haɗa da nata gashin cikin mota ta ɓace, munka yi shekara shida muna zaton ita ce muguwar. A na biyu anka ce ɗiyar Stree ce, ita ma ba mai rai ba ce, kuma ta raɗa ma Vicky, jarumin fim ɗin, sunanta a kunne mu ba mu ji ba. Wanda ya san tatsuniya ya san ba a ɓoye suna a banza. Ko nan wurinmu tsofaffi ba su kiran aljana da sunanta da dare, sai su sakaya, don suna igiya ne, wanda ya riƙe shi ya riƙe mai shi. To yanzu mutum guda ne a duniya ke riƙe da igiyar, kuma shi ne Vicky, tela mai tsoro wanda in ya firgita bakinshi bai tsayawa. Ni a ganina labarin na ukku ke nan: za a zo neman sunan, ba da faɗa ba, da dabara. A kama abokanshi Bittu ko Jana, ko baban Vicky, a ce faɗi sunanta mu sake shi. Jana ma dai kowane aljani da ya zo garin ta kanshi yake bi, kamar gidan da ba ƙyaure. In anka yi haka an samu abin dariya an samu abin kuka lokaci guda, kuma shi ne gishirin finafinan tun asali.

Na biyu, uwar Vicky. An faɗa muna a na farko cewa ɗan karuwa ne, shi ya sa ma ya zamo wanda zai ceci garin, ita Stree kuma a rayuwarta irin wagga mata ce da maza sunka wulaƙanta sunka kashe ta ita da mijinta. Daga nan ba a sake tono zancen ba sosai. Marubuci bai aje irin wanga dutse a hanya sai in zai dawo ya ɗauka. Wani dattijo mai gyaran rediyo da ke zama bencin ya ce to kar dai a ce Vicky da yarinyar 'yan uwa ne, kowa ya yi ihu, ni ma ban so hakan, kuma lissafin shekarun bai ba da shi ba tunda kisan Stree tsohon zance ne na ɗaruruwan shekaru. Amma a ce uwar tashi ta san wani abu, ko ita ta fara hulɗa da aljanun, wannan zai zauna.

Ni tela ne, shi ya sa wataƙila nike son Vicky fiye da kima. Wurin da Rajkummar Rao, mai fitowa a Vicky, ke duban mace ya faɗi awonta ba tare da ya taɓa santimeta ba, duk telan da ya shekara goma bisa keke ya san ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, sai dai mu ba mu faɗi da ƙarfi don kar a ci mu tara. Tsorona shi ne kar taron dodanni ya danne shi. Stree na farko daɗinshi ƙanƙantar garin ce: kwana huɗu na biki, maza na ɓoye cikin gida mata na fita, an rubuta a bango da jan fenti wai ya ke Stree ki dawo gobe, ita kuma da yake mai ladabi ce ta karanta ta juya. Wanda ta ɗauka tufafinshi kaɗai ake iskewa a ƙasa. Pankaj Tripathi na zaune yana ba da bayani kamar malamin zaure. Yanzu ga mai rikiɗa daga dajin Arunachal, ga Munjya daga bakin teku, ga masu shan jini na Thamma da ya fito Oktoban 2025 da Ayushmann Khurrana da Rashmika Mandanna. Ko a Stree 2 da Varun Dhawan, mai rikiɗan nan na Bhediya, ya diro cikin kogon Sarkata yana faɗa, yara sun yi tafi amma ni nan ne na ji fim ɗin ya fara kama da na Amurka, wuta da ƙara da hoton kwamfuta. Tunda kuma na biyun ya tara sama da crore 800 (rupi biliyan takwas, kuɗin Indiya) a duniya, ba na zaton za su rage, ƙarawa za su yi. In daraktan, Amar Kaushik, na jin shawara, ya bar baƙin su zo minti goma na ƙarshe, sauran ya bar muna Chanderi da lungunanta.

Wani abu da na lura a shagon, masu fassarar Hausa sun fi fita, mai shagon ya ce a goma takwas mai fassara suke ɗauka. Ni ina ɗaukar duka biyu, mai fassara don gida, na asali don ni, saboda tsoro da sauti yake shiga, in mai fassara ya sako barkwanci daidai lokacin da ake kiran sunan mutum daga baya cikin duhu, shi ke nan tsoron ya watse. Yaron kuma bai caje ni kuɗin biyu, guda yake lissafawa.

Jiya na biya in karɓo kart ɗin maƙwabcina, na iske ya manna takarda jikin kwamfuta da babban rubutu, Stree 3 bai fito ba, a daina tambaya. Ƙanen nashi na gefe yana ta danna waya, yana ganina ya ɗago kai ya ce yaya, Bhediya 2 fa? Wan ya ɗauki takalmi.