Wankakken Allo: Kashin "Tabula Rasa" na Buffy da Yadda Aka Ɗinka Barkwancinsa

A cikin kashi 144 da shirin Buffy the Vampire Slayer, labarin wata budurwa mai farautar masu shan jini, ya yi tsakanin 1997 da 2003, kaɗan ne masoya ke maimaita kallonsu kamar kashi na 8 na zango na 6, mai suna "Tabula Rasa". An fara haska shi a tashar UPN ta Amurka ranar 13 ga Nuwamba, 2001. Rebecca Rand Kirshner ce ta rubuta, David Grossman ya ba da umarni, tsawonsa minti arba'in da 'yan kai. Sunan da Latin ne, ma'anarsa allon da aka wanke tas, kuma abin da ya faru ke nan: mutum takwas suka sume a cikin shago, suka farka babu wanda ya san ko sunansa.

Wanda ya saba da finafinan Indiya ya san yadda aka saba sarrafa mantuwa: a bugi jarumi a ka, ya manta matarsa, a sha kuka har sai an sake bugunsa. Nan babu bugu. Ganganci ne ya jawo ta, kuma an nuna gangancin dalla-dalla. Willow, ƙawar Buffy da ta yi nisa a tsafi, ta riga ta yi laifi biyu. Ita ce ta jagoranci dawo da Buffy daga kabari a farkon zangon, da zaton tana ceto ta daga azaba, sai daga baya aka gane wurin salama aka fizgo ta. Sannan ta taɓa goge wa Tara, masoyiyarta, wata rigima da suka yi daga ƙwaƙwalwa. Da Tara ta gano, Willow ta yi alkawarin barin tsafi na wata guda. Tara ta ce mako ɗaya ma ya isa. Ko kwana biyu ba a yi ba ta karya.

Kayan haɗin uku ne: busasshen furen wani tsiro da shirin ke kira Lethe's Bramble, wanda aka ara wa suna daga kogin mantuwa na tatsuniyoyin Girkawa, da wani farin dutse mai sheƙi kamar gilashi, da wuta. Ta ƙona ɗan reshe a murhun ɗumama falo, ta ambaci sunan mutum biyu kacal, Buffy da Tara, ta taɓa dutsen da wutar, ta jefa shi aljihu. Sharaɗin shi ne idan dutsen ya yi baƙi, aiki ya ci. Kuskuren shi ne ta bar ledar furen gaba ɗaya a bakin murhu ta fita da sauri. Tartsatsi ya faɗa, leda ta kama, abin da aka auna wa mutum biyu ya zama na gayya. Kyamara ta tsaya a kan ledar nan tana ci, don mai kallo ya riga kowa sanin abin da ke tafe. Daga wannan daƙiƙar har ƙarshe, mai kallo ne kaɗai ya san gaskiya, kuma duk dariyar kashin a kan wannan take zaune.

Sai dai a sani, sama da minti goma na farko babu abin dariya sosai. Rigima ce da ɓacin rai: Giles, malamin Buffy wanda ya zame mata uba, yana gaya mata zai koma Ingila don ta koyi tsayawa da ƙafarta, ita kuwa tana jin an yashe ta a lokacin da ta fi bukata. Wanda aka ce masa kashin barkwanci ne zai iya ƙosawa a nan. Ya yi haƙuri, kada ya tura gaba, don ba tare da nauyin nan ba, sauƙin da ke biyo baya ba zai yi daɗi ba.

Zuciyar kashin ita ce farkawar da suka yi a shagon kayan tsafi na Magic Box. Abin burgewa a rubutun shi ne babu wanda ya yi wauta. Kowa ya bi hujjar da ke gabansa da hankali, hujjar ce ta kai shi daji. Willow ta farka a jikin Xander, abokinsu ita da Buffy, sanye da rigarsa mai ɗauke da sunan gidansu, Harris, sai suka yanke cewa saurayi da budurwa ne. Anya, mai kula da shagon, ta ga zoben baiko a yatsanta, ta ga takardun shago ɗauke da sunanta da na Giles, sai lissafi ya ba ta cewa shi ne angon, alhali Xander ne, ga shi can tsaye bai san ta ba. Giles ya laluba aljihu ya ci karo da tikitin jirgi na tafiya ba dawowa zuwa Landan, sai ya ɗauka guduwa yake shirin yi ya bar amarya. Dawn, ƙanwar Buffy, ta tsira da sarƙar wuya mai sunanta. Buffy ba ta da kati ko ɗaya, don haka ta raɗa wa kanta Joan, sunan da babu wani ado a cikinsa. Da Dawn ta yi mata tsiya a kan sunan, suka fara cacar baki, a tsakiyar cacar suka tsaya suka kalli juna: ai wannan faɗan sai ya da ƙanwa. Su kaɗai ne suka canka daidai, kuma ba da takarda ba.

Gwarzon wannan fage Spike ne, wanda James Marsters ke fitowa. Mai shan jini ne da ya haura shekara ɗari, ya shigo shagon yana gudun masu binsa bashi, ya ɓad da kama da wata tsohuwar kwat mai ruwan ƙasa da hula mai rufe kunne. Da ya farka sai ya fara yi wa Giles ba'a a kan lafazinsa na Ingila, yana cikin ba'ar ya ji kalmomin da ke fita daga nasa bakin, ya gane shi ma ɗan can ne. Turawan Ingila biyu a ƙaramin garin Kalifoniya, ɗaya babba ɗaya yaro, kuma kowa na jin haushin ɗan'uwansa ba dalili: ai uba da ɗa ne. Ya duba cikin kwat ya ga an rubuta Randy, ya ɗauka sunansa ne. A Amurka suna ne kamar kowane, amma a bakin mutanen Ingila kalmar na nufin jarababbe, don haka ya juya ya fara tuhumar "babansa" da cutarsa tun ranar suna. Wanda bai san wannan bambancin ba zai ga ana fushi bai san dalili ba. Wani ƙarin daɗin kuma, Marsters ɗan Kalifoniya ne, lafazin aro yake yi, Anthony Stewart Head mai fitowa a Giles shi ne ɗan Ingila na gaske.

Abin da ya ɗaga kashin sama da wasan rikita suna shi ne abin da mantuwar ta kasa ɗauka. Hali zanen dutse, in ji Bahaushe, kuma marubuciyar ta bi wannan da tsanaki mutum bayan mutum. Joan ba ta san ita ce mai kashe masu shan jini ba, amma cikin minti biyu ita ke ba da umarni, ita ta ce a tafi asibiti, ita ta rungumi Dawn da ta tsorata. Anya ba ta san komai game da kanta ba, amma da ta buɗe littafin tsafi ta karanta abin da bai kamata ba, zomo ya bayyana, sai ta kurma ihu, don tsoron zomo yana nan daram tun zango na 4. Taurin kanta ma bai tafi ba: Giles na cewa ta canza littafi, tana ƙara karantawa, zomaye na ƙaruwa, har aka kai ga koren gajimare a rufin shago da kwarangwal mai takobi da Giles ya koma yana fafatawa da shi. Willow kuwa, duk da rigar Xander a jikinta, hankalinta na wajen Tara, har ta furta kusan jimlar da ta taɓa furtawa a kashin "Doppelgangland" na zango na 3.

A nan Sarah Michelle Gellar ta yi aikin da ba a cika yaba mata ba. Ita ke fitowa a Buffy, kuma tun da aka dawo da Buffy daga kabari take wasa da fuska a daskare, kafaɗa a sake, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ɗauke da buhu. Da ta zama Joan ta soke mai shan jini na farko da fiƙaƙƙen itace ya zama ƙura, sai idonta ya buɗe, ta yi murmushin da rabon mai kallo da shi tun kafin mutuwarta, tana mamakin ashe ita jaruma ce. Murmushin nan yana ba da dariya, yana kuma sosa rai, don mun san aro ne.

Fage biyu sun fi yawo a bakin masoya. Na farko, lokacin da suka buɗe ƙofar shago za su tafi asibiti suka yi ido biyu da masu shan jini, sai su takwas ɗin suka kwatsa ihu tare suka maida ƙofa, har da Buffy da Spike waɗanda a kullum su ake gudu. Na biyu, lokacin da Randy ya gano fuskarsa na rikiɗewa. Maimakon ya firgita, sai ya tsara wa kansa tarihi: lallai shi mai shan jini ne na kirki, mai ruhi, mai neman kankare zunubi ta hanyar taimakon marasa gata. Joan ta ce wannan labari ai ba shi da armashi. Tsokana ce kai tsaye ga Angel, tsohon masoyin Buffy, wanda a lokacin yake da nasa shirin a kan wannan labarin daidai.

Akwai inda kashin ya yi rauni. Mai bin Spike bashi aljani ne mai kan kifin shak a cikin kwat, don Turawa na kiran mai ba da bashi da ruwa mai tsanani da sunan wannan kifin. Wasan kalma ne da ke ƙarewa a daƙiƙa biyar, fuskar robar kuma ba ta motsi yadda ya kamata, ga shi an ba shi fage har biyu. Bashin kansa, 'yan kyanwa 40, ba zai yi ma'ana ba sai ga wanda ya ga cacar kati da ake yi da 'yan kyanwa a kashi na 5. Tafiyar su Xander ta magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa ita ce mafi sanyi a sassa ukun da aka raba labarin, duhu da guje-guje sun fi magana yawa. Sannan ba a bayyana dalilin da ya sa tsafin ya tsaya a kan mutanen shago kaɗai ba, tunda furen a gida ya ƙone. Mai kallo ne zai cike da kansa cewa dutsen da ke aljihun Willow shi ke ɗauke da abin.

Warwarewar ta zo ba shiri, kuma hakan ya dace. Dutsen ya faɗo daga aljihu, Xander ya taka shi ya fashe, komai ya dawo lokaci guda. Giles da Anya suna tsakiyar sumba, sai ga su sun koma share shago da goge kanta babu mai kallon wani. Buffy na tsakiyar faɗa, tunanin abin da ta rasa ya faɗo mata, ta tsaya cak har aka kai ta ƙasa. Tara ta kalli fasasshen dutsen, ta kalli Willow, ba ta bukaci bayani ba. Mintunan ƙarshe kusan babu magana: Michelle Branch na rera "Goodbye to You" a gidan rawa na Bronze, Tara na haɗa kayanta a kwali, Willow na kuka a banɗaki, Giles na zaune a jirgi, Buffy kuma ta koma wurin Spike da ta gama korarsa. Duk abin da Willow ta ƙona furen don ta hana, ya faru a dare ɗaya.

Shirin Angel ya gwada irin wannan a 2002 da kashin "Spin the Bottle", Supernatural ma ya yi nasa a 2017 da "Regarding Dean". Dukansu suna da daɗi, amma na Angel ya maida mutanen shekarun ƙuruciyarsu ne, na Supernatural kuma mutum ɗaya ne ke mantuwa. Babu wanda ya haɗa mutum takwas suna gina dangantakar ƙarya a kan hujjar gaskiya.

Ga mai son kallo, kada ya fara Buffy daga nan, zai ga baƙi suna rikita baƙi ne kawai. Mafi ƙarancin shiri shi ne kashi na 1, 2, 3, 5, 6 da 7 na zango na 6, musamman na 7, "Once More, with Feeling", wanda a cikinsa asirai suka tonu. Mai lokaci ya ƙara da "Restless", ƙarshen zango na 4, inda Xander ya yi mafarkin Spike cikin irin wannan kwat ɗin, Giles na cewa ya ɗauke shi kamar ɗa, har da zancen kifin shak mai tafiya a ƙasa. A kunna rubutun Turanci na ƙasan allo, don rabin barkwancin a lafazi da kuskuren ji yake, kamar inda masu shan jini ke ihun a miƙo musu Spike, su Joan suka ɗauka tsinkunan itace ake nema suka tattaro. Ba kallon yara ba ne: akwai tsafi, sumba, soyayyar mace da mace da kalaman manya.

Batun hoto kuma, faifan DVD na zango na 6 ya fi sabon kwafin HD da aka fara fitarwa a 2014. An tsara shirin ne don allon talabijin mai kusurwa huɗu na da, sabon kwafin ya faɗaɗa shi, ya kuma taɓa launi da haske, har wasu fagagen dare a cikin shirin suka koma kamar da rana. A kashin da kusan duk rikicinsa bayan faɗuwar rana yake, da mai shan jini yana yawo a titi, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.