Wasiƙa daga Arizona: inda ake kai sabuwar bindiga gyara

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan ba a gyaran kaya, sai dai a yar a sayi sabo. A kan rediyo da fanka da takalmi, haka ne. Amma akwai wasu mutane a nan birnin Phoenix na Amurka da ke sayen abu sabo fil a kwali su wuce da shi wurin mai gyara tun ba su taɓa shi ba, kuma labarinsu nake so in ba ka.

Wasa ne na harbi irin na kaboyi, waɗancan da muke kallo a sinima muna yara. A kudancin California ya fara a farkon shekarun 1980, ƙungiyarsu mai suna SASS ta kafu a 1987. Yanzu babbar gasarsu ta duniya, End of Trail, a filin harbi na Ben Avery ake yin ta, arewa da garin nan. Kowa sai ya zo da shigar mutanen zamanin da, malafa da doguwar riga da takalmin fata, kowa kuma da laƙabinsa. Yawancinsu dattawa ne, har da mata. Kowane ɗan wasa yana zuwa da libarba biyu, da doguwar bindiga ɗaya, da ta harbin tsuntsu, duk ƙirar ƙarni na 19. Faranti na ƙarfe suke harbi, agogo na ƙirga musu lokaci, kuskure ɗaya kuma daƙiƙa 5 ake ƙara maka.

Libarbar ita ce inda kuɗi ke tafiya. Asalinta ƙirar kamfanin Colt ce ta 1873, wadda sai ka ja ɗan gudumar baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Colt ɗin kanta tsada gare ta, kuɗin guda ɗaya zai saya maka biyu ko uku na Uberti ko Pietta. Waɗannan kuwa a yankin Brescia na Italiya ake ƙera su, a shigo da su Amurka. Abin ya ba ni dariya: kaboyin Amurka da bindigar Italiya a ƙugu. Masu son ta gida sukan ɗauki Vaquero ta kamfanin Ruger, wadda ta fito a 1993, ana yabonta da ƙarko.

Wani abokin aikina ne ya ja ni wurin maƙerin da ke yi masa aiki. Shagon ba shi da zuga-zugi, ba gawayi, ba tartsatsi. Teburi ne da fitila da gilashin ƙara girma, da ƙananan magagarai da duwatsun wasawa jere a kan ƙyalle. Ya kwance bindigar gaba ɗaya, yana bin duk inda ƙarfe ke goga ƙarfe yana santsar da shi. Ya cire sifirin ɗin kamfani mai tauri ya sa mai laushi, don kada yatsa ya gaji. Wasu ma sukan ce a rage musu tafiyar gudumar, ko a sa mai faɗi da ta sunkuyo ƙasa, a canja ƙotar zuwa siririya mai zane don kada ta zame in hannu ya yi gumi. Saitin gaba, wato ɗan ƙarfen bakin bindiga da ake aunawa da shi, ba ya motsi a irin wannan bindiga, saboda haka in tana harbi ƙasa da inda aka auna, sai a goge kansa kaɗan-kaɗan da magagari. Ya miƙo mini wadda bai taɓa ba da wadda ya gama, duka babu harsashi. Ta farko in ka ja sai ka ji kamar yashi a ciki, ta biyu kuwa sul take tafiya. Duk wannan wahala don a rage 'yan daƙiƙoƙi ne.

To a nan bambancinmu yake, Yaya. A gida kaya ke da tsada, hannu kuwa arha. Sai ka kai wa maƙeri aikin yini guda ka ba shi abin da bai kai kuɗin cefane ba, har ka nemi ragi. A nan kayan ne ke da sauƙi. Sifirin ko kusa ko ƙota, ka duba lambarta a intanet ka biya, a kawo maka ƙofar gida, ta zauna daidai ba sai an dake ta ba. Kuɗin hannu ne ke karya mutum. Ba ciniki, ba "Allah ya ba mu alheri", takarda za a rubuta maka da farashi, sannan ka shiga layi. Maƙeran da suka yi suna, sai ka jira watanni. Kuben fatar da suke ratayewa ma haka, ɗinkin hannu ne, kuma wallahi dukawanmu na Kano ba su gaza su ba ko kaɗan, sai dai kuɗin da ake biya ko kusa bai haɗu ba.

Kada ka ɗauka ana sayen bindigar kamar gyaɗa. A shago mai lasisi sai ka cika shekara 21 in ƙarama ce, ka cike takardar gwamnati, a bincika tarihinka. A filin kuma doka ta fi ta makarantar allo tsanani. Gurbin harsashi 6 ne a libarbar, amma 5 ake sawa, gudumar ta kwanta a kan wanda babu komai. Akwai teburin ɗurawa da na saukewa, kowanne da mai sa ido, kuma wanda ya saki bindiga mai harsashi ta faɗi ƙasa, wasansa na ranar ya ƙare.

Ni dai ban saya ba, kuma ba na yi mana fatan wannan wasa a halin da ƙauyukanmu ke ciki. Ƙarar bindigar da nake kewa ita ce ta albarushi ranar hawan sallah. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya.