Mai horar da karnukan da na kira gida: ya san aiki, amma kada ka biya shi gaba ɗaya

Duk mai kiwon karen gadi a Kano ya ga tallar matashin nan a Facebook, wanda yake zuwa har gida a kan babur. Ba zan kama suna ba, kuɗinsa ma kun san shi, ba shi da sauƙi. Na neme shi ne saboda karnukana biyu da ke gidana a Hotoro. Zaki shi ne babba, jinsin Jamus, Dogo kuwa ɗan gida ne, bai cika shekara biyu ba. A kwano ɗaya Dogo ya tashi yana ci da Zaki, ban taɓa jin kansu ba. Kwatsam sai Zaki ya fara hana shi kusantar abinci, daga nan abin ya kai ga ruwan sha, har inuwar da suke kwanciya. Ranar da suka kaure a kan ƙashin saniya da aka kawo daga abbatuwa, Baba mai gadi ya sa hannu zai raba su, aka cije shi a tsintsiyar hannu.

Zuwan mai horarwar na farko ya ba ni mamaki. Na yi zaton bulala zai fito da ita, sai ya nemi katin rigakafin karnukan tukuna. Ya ce kare in ya sauya hali farat ɗaya, kafin komai a tabbatar an yi masa allurar ciwon hauka kuma ba ta wuce lokaci ba. Ya juya ga mai gadi ya ce, "Baba, da aka cije ka, ka wanke wurin?" Baba ya ce ya shafa man zafi. Ya faɗa masa cewa cizon kare da sabulu ake wanke shi a ƙarƙashin ruwa mai gudana na minti 15, sannan a tafi asibiti, ko da karen na gida ne. A ranar na kai Baba, can ma suka ce a sa wa karen ido kwana 10.

Daga nan ya sa aka zuba musu abinci nesa da juna, kowanne a ɗaure, ya zauna yana kallo kawai. Shi ya nuna min abin da idona yake gani ban san ma'anarsa ba: yadda Zaki yake sandarewa, ya sunkuyar da kai a kan kwano, ya kalli Dogo ta gefen ido har farin idon ya fito, ya ɗage leɓe, sai gurnani ya biyo baya. Can sai ya ce, "Alhaji, duba da kyau, da gefe ɗaya yake tauna, ga kuma yawu. Ba zan taɓa karen nan ba sai likitan dabbobi ya buɗe bakinsa." Raina ya ɗan sosu, don horo na biya ba turawa asibiti ba. Amma da likita ya duba, ashe turmin haƙorin Zaki ne ya tsage, dasashin ya kumbura ya tara mugunya. Likita ya ce ƙashin saniya mai tauri yana yawan yin haka, kuma kare mai ciwo yakan tsare abincinsa don ya san ba zai iya ci da sauri ba. Ga Dogo kuma ya shiga shekarun da kare ke daina ja da baya, wato tsakanin shekara 1 zuwa 3. Aka cire haƙorin. Wallahi da ba don idon yaron nan ba, da har yau ana dukan Zaki a kan laifin da ciwo ne ya sa shi.

Dokokin da ya kafa mana masu sauƙi ne, kuma sun yi aiki. Kowane kare ya ci nasa a wurinsa, ƙofa a rufe tsakaninsu, da sun gama a ɗauke kwanuka. Ba ƙashi a tsakar gida. Ruwan sha wuri biyu. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne kada a daki kare don ya yi gurnani, domin gurnanin gargaɗi ne, in ka hana shi da duka sai ya koma cizo ba sanarwa. In faɗa ya kaure, ba a sa hannu, a watsa musu ruwa da bokiti ko a tura faffaɗan katako tsakaninsu. Horon kansa kuwa, a ɗaure su da tazara mai yawa, duk lokacin da Dogo ya bayyana sai a ba Zaki yankan nama, har ya fahimci ganin ɗan uwansa alheri yake kawo masa, sannan a riƙa rage tazarar kaɗan-kaɗan. A wannan lokacin ba wanda ban ba lambarsa ba.

To amma da ya karɓi cikon kuɗinsa, sai na daina ganinsa. Ya koma turo wani yaronsa. Yaron nan da sanda ya shigo gidana, abin da ubangidansa ya hana da bakinsa. Ya kwance karnukan, ya jefa tsokar nama guda ɗaya a tsakiyarsu, wai yana gwada ko sun shirya. Kafin a ce kwabo sun haɗu, kunnen Dogo ya yage, sai da aka yi masa ɗinki. Aikin da aka sha wahalar ginawa ya rushe a ɗan lokaci. Na kira mai gidan nasa, ya ce, "Ka yi haƙuri Alhaji, gobe ina nan tafe da kaina." Goben ba ta zo ba. Kuɗin ɗinkin ma daga aljihuna ya fita.

Sannan ga maganar takunkumi. Na yadi mai horarwar ya sayar min, irin wanda ke matse baki ruf, a watan Afrilu, ana tsakiyar zafin Kano. Kare da haki yake rage zafin jikinsa, in ka rufe masa baki a rana za ka iya kashe shi. Likita ne ya gani ya ce na cire, na nemi mai kama da kwando wanda kare zai iya haki ya sha ruwa da shi. Mutumin da ya gano tsagaggen haƙori daga nesa ba zai ce bai san wannan ba, kayan da ke hannunsa kawai yake son ya sayar.

Yanzu ni da Baba muke ci gaba da horon yadda ya koya mana tun farko. Suna kwanciya inuwa ɗaya, amma abinci har yau a rabe, kuma ba ni da niyyar sake haɗa su. In karnukanka sun fara irin wannan, ka fara kai su wurin likita. In za ka kira mai horarwar, ka kira shi, ya san karnuka fiye da duk wanda na taɓa gani a garin nan. Amma ka biya shi zuwa-zuwa, ka kuma faɗa masa tun a waya cewa in ba shi da kansa ba, kada kowa ya taka maka gida. Takunkumin nasa yana nan a ajiye, na aika masa saƙo ya zo ya ɗauka ya mayar min da kuɗina, ya karanta bai amsa ba.